Mazubin Kawu Mai Gurbi Takwas

Daga Allah muka zo, wurinsa muka nufa, Kawu dai ya riga mu isa. Ranar wata Laraba da hantsi ya cika, lokacin da tumatir ya fara ja a filayen ban ruwa na tsakanin Kura da Bunkure. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Daga nan aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka shiga kwana uku na yabon mutumin da ba a sani ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, malamin firamare, don haka ina cikin masu karɓar gaisuwa. Duk abin da aka faɗa, a kunnena aka faɗe shi.

"Allah ya jiƙan Malam. Mutum mai haƙuri, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba."

Mai wannan magana makaniken injin ban ruwa ne na bakin kasuwa. Kawu bai taɓa kiransa da sunansa ba sai mahaucin ƙarfe, domin da guduma yake gaisawa da duk injin da aka kawo masa. Sau biyu Kawu yana korarsa daga zaure, unguwa guda tana ji.

Wani dillalin tumatir ya shafa addu'a, ya girgiza kai. "An yi rashi. Yanzu wa zai riƙa wasa mana wuƙaƙe?"

Kawu bai taɓa wasa wuƙar kowa ba. Da ka kai masa wuƙa da ka zage shi, duk ɗaya ne a wurinsa.

Na uku bai ma wahalar da kansa da ƙarya ba. Ya matsa kusa da babban ɗan Kawu, wato taubashina, ya rage murya, ya nuna ɗakin da ke jikin zaure da haɓa. "Injin nan na ciki zallar ƙarfe ne ko? Don na san masu saye a kilo."

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, wani tsohon tela maƙwabcin gidan. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire tabarau ɗinsa ya riƙe yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Shi kaɗai na yarda ta'aziyya ta kawo shi. Sauran ƙamshin shinkafar sadaka suka biyo.

Na ɗauki alƙalami ne domin idan na bar Kawu a bakin mutanen nan, nan da shekara biyar zai zama wani tsoho mai wasa wuƙa. Kuma akwai amanar da ya bar mini, wani mazubi da ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa a kai, ya ce in kai shi inda za a gwada a ga ko aikinsa gaskiya ne. Sai yanzu bakina ya iya faɗin yadda aka ƙare.

Shekara ashirin da wani abu Kawu ya yi a Kano, a wani kamfanin roba. Ba shi ke yin buta ko bokiti ba, shi ke sassaƙa mazubin da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta fito buta ko bokiti. 'Yan kamfani mol suke ce masa. Ƙarfe ne bari biyu da ke haɗuwa su rufe ruf, siffar abin da ake so tana sassaƙe a tsakaninsu. Mai yiwuwa butar da kuka yi alwala da ita yau a hannun Kawu wuyanta ya samo lanƙwasarsa, amma wa ya taɓa tambaya?

Shekarar da aka canja kuɗi kayan waje suka yi wuya, kamfanin ya rage ma'aikata. Da aka zo sallama Kawu ya ce shi ba ya son komai sai ƙaramin injin sassaƙar ƙarfen da ya tsufa a kansa. Aka ɗoro masa shi a akori-kura har gida. Ranar da aka sauke shi, kafin la'asar kwanukan dawa da gero sun yi layi a ƙofar gida, wai mata sun ji an kawo injin niƙa. Kawu ya fito ya dubi layin, ya ce a mayar wa kowacce da kwanonta, a gaya mata wannan ba ya cin hatsi. Tun ranar gari ya yanke masa hukunci. Mutum ya kawo inji, injin ba ya niƙa, ba ya ban ruwa, ba ya casar shinkafa? Ai ba shakka birni ya taɓa masa kai.

Ni kuwa ranar da ya fara barina na shiga ɗakin, ji na yi kamar na shiga ɗakin amarya. Siminti sumul, tagogi an liƙe gefensu da takarda saboda ƙaiƙayin shinkafa, takalmi kuwa a waje ake barinsa. Injin na tsaye a tsakiya, ruwan toka, tsayinsa bai wuce na mutum ba. Yana da teburin ƙarfe da ake matsarwa da wasu hannuwa uku masu lambobi a jiki. Daga sama ɗan haƙori ne ke saukowa yana juyawa, wani bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, shi ke cin ƙarfe kaɗan-kaɗan. Janareta can bayan gida ya kai shi, ya ɗora a kan tsofaffin tayoyi don kada rawar jikinsa ta iso.

"Mai littafi," haka yake kirana, saboda kullum da ɗan littafin soyayya a aljihuna, irin waɗanda nake sayowa a kasuwa in na shiga birni. "Yaya, har yanzu ba ta amsa masa wasiƙar ba?"

"Ta amsa, Kawu, sai dai wasiƙar ta faɗa hannun wani."

"Madalla. Matso da kanka."

Kafin in ankara ya tsige mini gashi ɗaya. Ya sa shi a bakin wani ma'auni mai kama da ƙugiya, ya murɗa a hankali har ya ce ƙas, ya nuna mini lambar.

"Ka ga kaurin gashinka. Raba shi goma. Idan na kuskure da ɗaya cikin goman nan, abin ya tashi daga aiki, ya zama irin abin da mutanenku ke yi."

Ba ya taɓa injin sai daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Ya ce da rana ta ɗaga ƙarfe ke kumbura, kuma ƙarfen da ya kumbura maƙaryaci ne, abin da ya gaya maka da azahar ba shi zai gaya maka da safe ba. Ko ƙarfen da ya jima a tafin hannu ba ya aunawa sai ya ajiye shi ya huce. A kan injin kullum akwai kofin gilashi cike da ruwa. Da fuskar ruwan ta motsa, ko da tarakta ce ta wuce can ta bakin kanal na ban ruwa, sai ya ɗage haƙorin, ya harɗe hannu, ya jira.

Kalmar da ya fi tsana a duniya ita ce maneji. Yakan kwaikwayi muryar mutanen gari yana taɓe baki. "Ƙofar ruwa ta karye, a cusa buhu a yi maneji. Famfo na yoyo, a ɗaure da roba a yi maneji. Waɗannan ko amarya aka kawo musu ba wadda suka nema ba, cewa za su yi a yi maneji."

Kofin ruwan nan ne ya haɗa shi faɗa da yayarsa, wadda muke kira Inna Babba. Ta zo kwana biyu daga Garun Malam, da sassafe ta jawo turmi ta hau dakan fura. Kawu ya fito kamar an jefo shi.

"Yaya, wa ya ce ki yi mini daka a gida da safe?"

"Au! Gidan ubana ne ko asibiti?"

"Kin sa haƙori ya yi tsalle. Aikin wata biyu kin kashe shi da taɓarya."

"To Allah ya ƙara! Mutum da gemunsa ya shige ɗaki yana kiwon ƙarfe, sa'o'insa na can suna kwasar tumatir. Ita kuma wannan baiwar Allah ka mayar da ita bebiya a gidanta."

Ta naɗe kayanta ta tafi, ko furar ba ta dama ba.

Baiwar Allahn da take nufi ita ce matar Kawu, wadda duk muke kira Iya. Ranar na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Tun da injin ya zo, Iya ba ta ƙara daka a gidanta da safe ba. Kullum sai ta mirgina turminta ta ƙofar baya zuwa maƙwabta, ta yi dakanta, ta mirgino shi gida. Haka ta yi har Kawu ya koma ga Allah. Ba ta san abin da yake sassaƙawa ba, ba ta taɓa shiga ɗakin ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Na karanta labaran masoya ba iyaka, masu rantsuwa da wata da taurari, masu ƙin cin abinci, amma ban ga wadda ta mirgina turmi shekara huɗu ba.

Abin da yake sassaƙa wa mazubi kuwa ɗan ƙaramin abu ne. Duk mai noman tumatir ya san famfon feshin da ake goyawa a baya, ya kuma san ɗan kan da ke bakin sandarsa, wanda bai fi ƙwallon dabino ba. Shi ke mayar da ruwan magani kamar raɓa. Daga waje ake kawo shi. Da ya daina zuwa sai kowa ya ci gaba da tsohon da ya cinye, yana tsiyaya kamar fitsarin bijimi. Ganye ya ƙone a nan, tsutsa ta yi ƙiba a can, mai feshi ya dawo gida jiƙe da guba yana amai. Ranar da Kawu ya ga ɗansa ya dawo a haka, sai ya karɓi sandar ya kwance kan, ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce zai yi mazubin da zai haifi takwas a zubi ɗaya.

A kowane gurbi sai ya sassaƙa 'yan hanyoyi biyu masu murɗa ruwa, sannan ya dasa wani siririn tsinken ƙarfe a tsakiya, wanda shi zai bar ƙofar da feshin zai fita. Tubalin ƙarfe uku ya zubar kafin na huɗu. Na ukun ma saboda wani ƙarzane ne da ni ban gani ba, ko da ya ara mini gilashin.

Wata rana muna cin tuwo a zaure taubashina ya kasa daurewa.

"Baba, huda ce fa kawai. Shekara uku kana yin huda."

"Idonka ma huda ne," in ji Kawu, bai ko ɗago ba, "amma ban ga ka miƙa wa mahaucin ƙarfe shi ba."

Da Kawu ya tashi, taubashina ya juyo kaina. "Kai ne ke zuga shi, ɗan mace. Duk ɗaya kuke. Ɗaya ya auri takarda, ɗaya ya auri ƙarfe."

Kada wani ya ɗauka Kawu ba shi da tausayi. Tsohon telan nan da na ambata, ɗan notin tabarau ɗinsa ne ya faɗi ya ɓace, ya ɗaure wurin da zare. Tabarau ya riƙa zamewa, ɗinki ya fara karkacewa, masu kawo aiki suka fara guduwa. Ana fitowa daga masallaci Kawu ya zare shi daga fuskarsa ba tare da neman izini ba, ya yi gaba. Ya ajiye mazubinsa kwana biyu cur, ya sassaƙa noti wanda bai kai ƙwayar gero ba, da murɗinsa da komai. Da telan ya zo da ɗan abin goro, Kawu ya ture hannunsa.

"Mayar da abinka. Ba don kai na yi ba. Zaren nan ne ke ɓata mini sallah."

Wata shida na ƙarshe ba sassaƙa, sai guga, da ɗan itace mai laushi da auduga da wani farin gari da ya zo da shi daga kamfani. Ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarsa ya aika aka kira ni. Ya buɗe barin biyu a gaban taga. Mai karatu, na sha karanta yadda ake siffanta idanun budurwa, amma ban taɓa ganin abin da ya kai gurabun nan takwas haske ba. A cikin kowanne ga fuskata 'yar mitsitsiya tana kallona. Na miƙa yatsa, ya make mini hannu.

"Gumin yatsanka tsatsa ne. Nan da kwana uku a ga shaidarka."

Sai ya ɗebo baƙin giris ya cike gurabun, ya shafe ko'ina, ya rufe, ya naɗe da tsumma. Abin da ya fi daren sha huɗu haske ya koma kamar tarkacen gareji.

"Asabar mai zuwa za ka raka ni Kano. Akwai abokin aikina a wani ƙaramin kamfani, ya yi alkawarin ɗora shi a inji mu gani. Idan ban kai Asabar ba, kai ka kai shi."

"Haba Kawu, wace irin magana ce wannan?"

"Magana ce mai awo. Rara na bari, kamar yadda ake bari a kowane aiki."

Bai kai Asabar ba. Ran Laraba ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mota ya riga ya tafi.

Ɗan mace ba ya gado. Ko tsinke ba ni da iko da shi a gidan, kuma ba a tayar da zancen kaya ana tsakiyar makoki. Sai na daure ina jiran a yi sadakar uku. Abin da ban sani ba, tun a rana ta biyu Inna Babba ta sa an ɓalle kwaɗon ɗakin, wai a sami wurin jera tukwanen abinci. Ta shiga ta ga tsummoki da baƙin maiƙo, ta fito tsakar gida, ga mata 'yan gaisuwa maƙil, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Oh ni jikar mutum huɗu! Ashe cikin wannan ƙazanta ɗan uwana ya zauna, da matarsa a gida? Gobe dangi za su cika gidan nan su gani da idonsu."

Mata suka hau salati suna kallon Iya ta wutsiyar ido. Waɗannan su ne matan da shekara huɗu suna ganinta tana mirgina turmi, ba wadda ta taɓa kama mata.

Da safiyar rana ta uku na shiga gaishe ta. Na same ta a bayan ɗakinta cikin mayafin takaba, zaune a kujera 'yar tsugunno. A gabanta ga kwanon ruwa, ga toka, ga yashin bakin kanal, ga soson waya irin na kankare tukunya. Barin mazubin biyu suna jingine a rana suna bushewa.

"Ka shigo?" ta ce. Idanunta sun kumbura. "Tun da gari ya waye nake fama. Maiƙon ya kama ƙwarai, balle cikin 'yan ramukan nan. Akwai wasu ƙayoyi a ciki da suka yi ta sukata, sai da na kankare su." Ta nuna mini yatsunta, duk sun tsattsage. "Ban taɓa yi wa Malam komai a ɗakin nan ba. Na ce bari in yi masa wannan ɗaya. Duba mini, ya fita?"

Na durƙusa na duba. Madubin ya tafi. Gurabun sun koma kamar gonar da aka yi wa huɗa, inda tsinkayen suke sai ɗan guntun tushe, ja-jan tsatsa har ya fara bin gefe. A littattafaina a daidai nan ne mutum ke kurma ihu ya faɗi sumamme. Ni dai yatsun nan na tsaya ina kallo.

"Ya fita, Iya. Fes."

"Zai ji daɗi?"

"Zai ji daɗi."

Iya ta bi mijinta bayan damina ba tare da ta sani ba, shi ya sa yau nake iya rubutawa. Ba ta da laifi ko na ƙwayar gero, ita da yashi ta san ana nuna ƙauna ga ƙarfe. Inna Babba kuwa tana nan da ranta. Duk wanda zai karanta mata wannan, ya karanta da ƙarfi, kunnenta ya fara nauyi.

Bayan an watse na roƙi taubashina ya bar mini mazubin.

"Ɗauki mana, Ticha. Ka rage wa masu kilo nauyi, amma na yafe maka."

Na ɗauka wasan taubasai ne. Kafin arba'in masu kilo sun zo, da guduma suka rarraba injin don ya shiga mota.

Na shafe mazubin da man keke, na ɗaure a buhu, na hau motar Kano ran Asabar kamar yadda aka ce. Abokin Kawu dattijo ne mai guntun yatsa, inji ya cinye rabinsa. Na gaya masa rasuwar, ya yi salati, ya zauna a kan wani akwati. Da ya buɗe buhun ya maƙala gilashi a ido, sai ya dubi gurabun.

"Wa ya yi wannan?"

"Tsautsayi ne, Baba."

"Tsautsayi ba ya riƙe soso."

Ya bi gurabun ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Da ya zo na takwas, na can kusurwa, sai ya tsaya.

"A nan hannun ya gaji," ya ce.

Akwai sauran giris a gindin gurbin. Ya sa auduga ya share a hankali, sai ga tsinken a tsaye, ga 'yan hanyoyin biyu suna walƙiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire gilashin ya goge idonsa da hannun riga.

"Yaro, a ƙauye ya yi wannan? Da tsohon injin nan, da janareta? Ni da nake da wuta da kayan aikin da suka fi nasa, wallahi ba zan iya ba. Ba wanda ya rage a garin nan da zai iya."

Ya toshe hanyoyin gurabu bakwai da tagulla. Da ma'aikata suka fita cin abinci ya ɗora mazubin a inji. Injin ya rufe, ya yi huci, ya buɗe, sai ga ɗan jan abu ya faɗo, da ɗuminsa kamar ƙwan da kaza ta saka yanzu. Wani ya biyo, wani ya biyo. Ina tarewa da hulata. Dattijon ya ce kada in sa rai da yawa, yashi ya ci fuskar da barin biyu ke haɗuwa, ba sa zama daidai. Gaskiyarsa. Jajayen da suka faɗo ba su fi cikin tafi biyu ba muka ji ƙas. Tsinke na takwas ya bi 'yan uwansa.

Washegari da sassafe na nufi gonar taubashina. Na same shi ya goya famfo zai fara feshi. Na ce ya tsaya. Na kwance tsohon kan, na ɗaura na Kawu da hannuna, na ce bismillah.

Ya danna. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, numfashi ne. Ya buɗe kamar lema, rana ta ratsa shi, sai ga ɗan bakan gizo yana bin sandar duk inda ta yi. Ya sauka a kan ganye sama da ƙasa, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba, ƙafafun mai feshin a bushe. Na ce a raina, ga Kawu nan yana ba gari amsa.

Taubashina ya yi taku goma ya tsaya, ya girgiza sandar.

"Ticha, abin nan ba ya zuba."

"Haka ake so. Dubi ganyen."

"Ganye na gani, amma ni ban ji ruwa ba. Da wannan sai la'asar ban gama ba, ga shi da azahar za a sako mana ruwa."

Ya cire hularsa, ya zaro allurar da yake cire ƙaya da ita, ya soka a bakin, ya murɗa sau biyu. Kafin in buɗe baki an gama. Ya danna, ruwa ya tsartu kamar daga bakin buta, ya jiƙa masa wando.

"Yawwa! Yanzu ya zama famfo." Ya yi dariya har da hawaye. "Allah ya jiƙan Baba. Ashe abin nasa na da amfani, gyara kaɗan yake so. Akwai saura? Mutane za su so."

Hannuna na cikin aljihu a kan sauran. Na ce babu.

Har yau ban ba kowa ba, kuma ban sani ba ko cika amana na yi ko cin ta. Abin da na sani, aikin Kawu ya rayu taku goma a duniya, a cikin gonar tumatir, kuma na gani da idona. Duk wanda ya ce muku tsoho ne mai taɓin kai da ya ɓata shekara huɗu a kan huda, ku ce masa akwai shaida, kuma ya rubuta.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, wanda bai taɓa cewa abu ya yi ba alhali bai yi ba. Ka yafe masa zafin bakinsa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da Iya a inuwa ɗaya. Mutanen garinmu kuwa ka shirye su da kanka, ni dai na gaji.